Littafin Auta Ya Cika

Yajin aikin malamai na bara wata biyar ya yi da kwana tara. Na riƙe lissafin ne don shagon ɗinkina yana kallon ƙofar makarantar gwamnati ta unguwarmu. Kullum ina kan keke ina kallon kwaɗon da aka datse ƙofar da shi, har ya yi tsatsa a idona. Autata tana aji shida a makarantar, shekarar da za ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Yayyenta biyu duk a firamare suka tsaya, ɗaya yana gyaran babur, ɗayan yana lodi a tasha. Ita kaɗai ta rage mini, na kuma ci alwashin ko ana ha-maza ha-mata sai ta wuce inda suka tsaya.

Da aka janye yajin sai aka kira taron iyaye. Muka cika aji guda, ƙattin mutane a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Hedimasta ya tashi ya ce saura mako goma sha ɗaya jarrabawa, ga karatun zango biyu ko buɗe shi ba a yi ba. Shawarar malamai, in ji shi, 'yan aji shida su maimaita shekara. Nan fa aka yi masa ca. Ba zan ɓoye ba, ni ce na fi kowa zaƙewa. Dama duk layinmu an san bakina ba ya shiru.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ku kuka tafi yajin aiki, 'ya'yanmu ba su je ko'ina ba. Don me laifinku zai ci musu shekara? Ku ba su duk abin da ke cikin littafin aji shida. Mu iyaye za mu riƙa duba littattafan rubutunsu ƙarshen kowane mako, mu ga ko ana aiki."

Aka tafa mini. Malamar ajinsu, wata siririyar mata mai yawan tari saboda alli, ta miƙe kamar za ta ce wani abu, hayaniya ta danne ta, ta koma ta zauna. Kafin a tashi an naɗa kwamitin duba littattafai: ni, da mai kemis na bakin titi, da wani tsohon direba da ba ya gani sosai amma ba ya yarda a ce ba ya gani.

Aiki kuwa aka yi. Malama ta cika allo daga sama har ƙasa, yara su kwafa, ta goge, ta sake cikawa. Daga shagona ko tari ba na ji sai nata. Daɗi ya kama ni, na ce ashe dama iyaye ne ba sa tsayawa. Mu kuma ƙarshen mako mu zauna a ofishin hedimasta mu ƙirga shafuka. Mai kemis yana duba kwanan wata, direba yana gyaɗa kai, ni ina duban rubutu da idon tela: layi ya miƙe, babu gogewa, babu tsallake. Wanda littafinsa ya cika mu sa masa hannu, wanda bai cika ba mu aika wa ubansa.

Na Auta kuwa sai wanda ya gani. Harafi kusa da harafi, tsaf-tsaf, kamar ɗinkin da aka ja wa layi da alli. Na sha ɗaukar littafin in nuna wa masu kawo ɗinki, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Saura mako uku jarrabawa wata mata ta kawo yadi, da awon ƙanwarta a rubuce a takarda. Na manta tabarau a gida. Auta tana gefe tana yanke mini zare, ta taso daga makaranta ke nan.

"Auta, karanto mini wannan, in auna."

Ta karɓi takardar ta ƙura mata ido. Matar ta yi dariya ta ce kunya ce, ta karanta da kanta. Tana fita na jawo jakar Auta, na buɗe littafin a shafin jiya, wanda ni da kaina na yaba.

"Karanta mini layin nan na sama."

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, ta kira harafi biyu, ta tsaya.

"Ke fa kika rubuta."

"Eh, Umma."

"To me kika rubuta?"

"Abin da ke allo." Ta sunkuyar da kai. "Ina kallon yadda ya lanƙwasa ne in yi irinsa. Kamar yadda kike yi in an kawo miki zanen wuyan riga."

Mako takwas ina sa hannu a littafin yarinyar nan, ko sau ɗaya ban ce ta karanta mini ba.

Washegari da safe na tsallaka titi da niyyar in ci mutuncin malamar. Na same ta a bakin aji, hannunta fari fat da alli, yara cunkushe a bayanta, wasu a benci, wasu a ƙasa littafi a cinya. Na zazzage mata abin da ke cikina. Ta bar ni har na gama.

"Na sani, Maman Auta," ta ce. "Su casa'in da huɗu ne. Waɗanda ke iya karanta abin da hannunsu ya rubuta ba su kai ashirin ba. Suna aji biyu aka yi yajin wata huɗu. Aji uku ba su da malami sam, ɗan aji shida ake turo musu ya hana su surutu. Haka aka yi ta ciyar da su gaba har suka iso gare ni."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ranar taro na miƙe. Ke kike magana."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi yi mini ciwo. Ta ce da an ba ta shekara da ta ajiye littafin aji shida ta koma da su kan baƙaƙe, amma kwamiti shafi yake ƙirgawa, ita kuma ba ta da ƙarfin faɗa da gwamnati a sama, iyaye a ƙasa.

Na wuce ofishin hedimasta, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa, na roƙe shi a bar Auta ta maimaita. Ya ce sunaye sun riga sun tafi. Ko da ba su tafi ba, 'yan aji biyar ɗari da goma ne ke jiran bencin nan, ina zai sa ta? Ya ce in yi haƙuri. Bai tuna mini da komai ba, na gode masa da hakan.

Mako ukun da suka rage na ture ɗinki gefe. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ni ce na zama malama, ina rubuta mata haruffa da allin ɗinki a kan teburin yanka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Da ƙyar muka kai kalma mai gaɓa biyu, yau ta riƙe, gobe ta zube. Rannan na daka mata tsawa har maƙwabcina mai aski ya leƙo. Ta yi kuka, ni ma na juya baya na yi nawa. Haushin kaina nake ji, ita nake sauke wa.

Ranar jarrabawa na raka ta har ƙofa, na tsaya cikin iyaye a gindin katanga. Hirar da ake yi ke nan, wai ƙungiyar malamai ta sake ba gwamnati wa'adin mako biyu, ko su koma yajin aiki. Ban sa baki ba. Mai kemis ma sai da ya tambaye ni ko lafiya.

Wajen azahar aka buɗe ƙofa. Yawancin yaran sun fito jiki ba ƙwari, amma Auta da gudu ta zo, fuskarta a sake, yatsunta duk tawada.

"Umma, na gama duka. Har da sauran lokaci."

"Duka? Me kika rubuta?"

"Takardar tambayoyin da suka ba mu. Na kwafe ta daga farko har ƙarshe, ko gogewa ɗaya ban yi ba. Mai tsaronmu ma ya tsaya a kaina yana ta kallo."

Ta ɗago tana jiran in ce wani abu, yadda na saba.

"Kin kyauta," na ce.

Na karɓi jakarta, na riƙe mata hannu muka tsallaka titi.