Ɗaki Mai Baranda a Hawa na Takwas

Shekara talatin da ɗaya ina dakon akwatuna a tashar jiragen ruwa ta Cartagena, kuma ban taɓa taka cikin ko ɗaya daga jiragen yawon nan ba. Iyakata bakin kejin ƙarfen da ake loda kaya. Abin bai taɓa damuna ba, don ni ruwan da ya wuce gwiwa ba na wasa da shi. Amma in maganar ranar shiga jirgi ce, ko kyaftin bai fi ni saninta ba.

Jirgi yakan iso ranar Asabar da sassafe, ya sauke mutanen makon jiya kafin ƙarfe goma, duk rana ta gasa su, sun ƙara ƙiba. Ƙarfe sha ɗaya sababbi su fara zuwa. Kowa an rubuta masa lokacinsa a takarda, kuma babu mai bi. Wanda aka ce ya zo ƙarfe biyu shi ne za ka gani a ƙofa tun tara yana faɗa da mai gadi. Mu ne muke fara tarbarsu. Mu karɓi akwati, mu duba takardar da aka maƙala a mariƙinsa, launi ya gaya mana hawan bene a cikin jirgi, lamba ta gaya mana ɗaki. Bakina har ya gaji da magana ɗaya: fasfo da magani a riƙe a hannu, akwati sai yamma zai iske mutum a ƙofar ɗakinsa. Duk da haka ba Asabar ɗin da ba a samun wanda ya kulle fasfonsa a akwati, ya dawo yana mana hayaniya kamar mu muka saka masa.

Asabar ɗin da nake ba da labari, bai kamata a gan ni a tasha ba. Fulgencio, shugabanmu, ya ba ni hutu ban roƙa ba. Shi ya riƙe 'yata Yarledis a coci ranar baftismarta, tun daga nan muke ce wa juna compa. Ya ce bayana yana bukatar hutu, na ji daɗi har na saya masa kofi. Da safen ranar kuma matata Nereida ta tafi Sincelejo jinyar yayarta, ta ce mako guda za ta yi. Ni na ɗaukar mata jaka zuwa tasi, har ina tsokanarta cewa jinyar nan da nauyi take.

Na zauna ni kaɗai, na ɗauko fenti na ci gaba da bangon tsakar gida. Yarledis likitar haƙori ce a Bogotá, ita kaɗai Allah ya ba mu, kuma ta ce a Disamba za a ɗaura aurenta a nan unguwarmu. Angon, Gonzalo, sau ɗaya na ji muryarsa a waya. Duk lokacin da na ce a kawo mini shi in gan shi, sai a ce aiki ya yi masa yawa. Ban kawo komai a raina ba. Na riga na ɗinka farar riga, na yi magana da makaɗa, na gaya wa duk wanda ya tsaya saurarena cewa ni zan riƙe hannunta zuwa gaban limamin coci.

Wajen sha ɗaya shirun gidan ya ishe ni. Jirage biyu ne a tasha ranar, ni kuma ina nan ina hira da bango. Na wanke hannu, na sa rigar aiki da hula, na hau bas.

Da Fulgencio ya gan ni, sai da kofin hannunsa ya zube.

"Compa, me ya kawo ka? Ba hutu na ba ka ba?"

Na ce masa hutun ya gaji da ni. Ya yi ta kame-kame, ya ce to in koma can baya wajen keji, mutane sun yi kaɗan. Na yi masa dariya. Bakin titi nan ne tukuici yake, kuma shekaruna sun wuce a tura ni baya kamar sabon zuwa. Na ja amalankena na tsaya inda na saba.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan, wata farar bas ta tsaya. Ba sai an gaya maka mutanen Bogotá ba ne: cikin zafin nan kowa da rigar sanyi a kafaɗa kamar a garinsu mai sanyi. Kowane akwati an ɗaura masa farin ƙyalle, alamar biki ke nan, kuma ina son 'yan biki don hannunsu a sake yake. Wata dattijuwa gajera mai mafici ta sauko tana ba kowa umarni, ta ce sunanta Doña Clemencia, uwar ango. Ta nuna mini wani dogon farin kwali, ta ce rigar amarya ce. Na gaya mata gaskiya, irin wannan a hannu ake shiga da shi. Ta ce ya yi girma, amarya da uwarta kuma suna baya a wata mota, sun tsaya gyaran gashi.

Na juya takardar kwalin kamar yadda nake yi wa kowane kaya. Shuɗiya ce, hawa na takwas. Sunan da ke jiki Yarledis Cassiani.

Na karanta sau uku. Na ce a raina Cassiani suna da yawa a gaɓar nan. Amma lambar wayar da ke ƙasan sunan na san ta kamar sunana, ita nake kira duk Lahadi bayan coci.

Doña Clemencia ba ta lura da komai ba. Mutane ba sa kallon fuskar ɗan dako, hannunsa suke kallo. Tana fifita tana zuba, ta ce ranar Talata za a ɗaura auren a tsakiyar teku, mutum arba'in, komai ya yi daidai sai abu ɗaya. Uban amarya ba shi da lafiya, ciwon zuciya, likita ya hana shi hawa ruwa. Ta ce saboda shi ma suka zaɓi jirgi, da suka ji mutumin tasha ne, suka ɗauka zai ji daɗi. Sau biyu tana cewa a kai ta ta gaishe shi, ana ce mata ba a son a dame shi.

"Wataƙila ma ka san shi, bawan Allah. A ofishin tashar nan ya yi aiki har ya yi ritaya. Don Evaristo Cassiani."

Na ce mata na san shi.

Ta ce ai ta sani, an gaya mata mutumin kirki ne. Ta buɗe jakarta ta fiddo takardun akwati guda biyu da ba a yi amfani da su ba, ta ce nasa ne, tun Yuli aka buga su, in taimaka in jefa a shara don ganinsu yana sa ta ƙwalla. Na karɓa. Sunana ne, an rubuta shi daidai, ba kuskure ko ɗaya. Shuɗi, hawa na takwas, lambar ɓangaren dama. Na san ɗakunan nan duk da ban taɓa shiga ba, masu baranda ne, akwatunansu na fi lallaɓawa.

Da a ce matar nan mai girman kai ce, da na sami wanda zan tsana, raina ya yi sauƙi. Amma mutanen nan nemana suke yi, sun tanadar mini ɗaki da kujera a teburin biki. Nawa ne na gida suka kwantar da ni a gadon asibiti ina tsaye da ƙafata. Na ɗaga kai na hango Fulgencio a bayan keji yana duba takalminsa, nan na gane hutun da aka ba ni.

Ina cikin loda kayansu tasi ya tsaya. Nereida ce ta fara fitowa, gashi a gyare, da wata koriyar riga da ban taɓa gani ba. Jakar da na ɗaukar mata da safe tana hannun direba. A hannunta kuwa fasfo ne, kuma fasfo ba a kwana ɗaya ake yin sa ba. Watanni ke nan tana kwana a gefena da wannan magana a cikinta.

Ta gan ni. Ba ta yi ihu ba, Nereida ba ta taɓa rikicewa a gaban mutane. Ta ce wa direba ya jira, ta zo kamar mai tambayar hanya, ta ja ni bayan bas.

"Tsoho, don Allah ka saurare ni."

"Yaya jikin yayar taki?"

"Ka bar wannan. Yarinyar ce ta faɗa musu tun farkon haɗuwarsu cewa a ofis kake. Yarinta ce. Magana ta yi tsawo, ta rasa yadda za ta janye. Sai suka ce jirgi, kuma ta tashar nan. Ya za a yi ka wuce ta ƙofar can? Kowa zai kira sunanka, har masu shara."

"Sunan nawa ne abin kunya?"

Ta ce ba haka ba ne, a Disamba ma za a yi wani taron a gida, nawa, za su san yadda za su tsara. Na tambaye ta ko a Disambar zan warke ne ko mutuwa zan yi. Ta leƙa gefen bas, ta dawo da kanta, ta riƙe mini hannu kamar yadda take yi in za ta roƙi abu.

"Ka koma baya wajen keji har mu shige. Minti goma kawai. Kada ka ɓata mata ranarta."

Ina jira in ji kalmar haƙuri, sai ga abin da aka zo mini da shi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, har kunnuwana suna ƙara. Da gadon bayan nan nawa na biya karatun likitar, akwati bayan akwati. Na zare hannuna, na ce ba inda za ni, nan ne wurin aikina. Ba zan yi magana ba, amma ba zan ɓuya ba. In 'yata ta ga dama ta wuce ni, ta wuce ni ido da ido.

Na koma bakin amalanke na cire hulata.

Yarledis ta fito daga tasi. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, har wani saurayi dogo mai gilashi ya rugo ya ɗaga ta sama, na gane shi ne Gonzalo. Doña Clemencia ta jawo ta har gabana, ta ce ga bawan Allahn da zai kula da rigar, kuma ya san babanta. A wurinmu ɗa ba ya haɗuwa da ubansa ya buɗe baki da wata magana kafin ya nemi albarka, ko a kasuwa ne, ko ya yi furfura. Na tsaya ina jira. Ta dube ni, leɓenta ya motsa. Sai ta sunkuya tana neman wani abu a jakarta, ta ce wa surukarta zafi ya yi yawa, su shiga ciki.

Suka shiga layi. Doña Clemencia ta cusa mini kuɗi a aljihu, ban ma duba ba. Ta gilashi ina ganinsu ana duba fasfo, ana ɗaukar su hoto, ana miƙa wa kowa katin ɗakinsa.

Kwalin rigar yana kan amalankena. Kowane ɗan dako ya san kayan da ba takarda ba ya hawa jirgi, a ɗakin ajiya yake kwana har mako ya zagayo. Takarda ce ƙarama, yatsa biyu sun isa su tsinke ta. Na sa hannu a kanta, kuma ba zan yi ƙarya ba, na daɗe ban ɗauke ba. Fulgencio ya matso zai yi magana, na dube shi, ya koma inda ya fito.

Sai na ji ƙarar takalmi da gudu. Yarledis ce, ita kaɗai, ta baro layi ta dawo har bakin igiyar da ta raba fasinjoji da masu kaya. Idonta ya cika da hawaye. Duk fushin nan ya zube a take, na ce a raina jini ba ya ƙarya, ga ta ta dawo. Na bar amalanke na matsa kusa da igiya. A shirye nake in yafe komai, ofishin, ciwon zuciyar, har Talatar. Kalma ɗaya nake so.

Ta waiga baya ta tabbatar ba mai kallo, ta yi ƙasa da murya.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"Rigar. Ka san yadda suke jibga kaya a kejin nan. Don Allah ka sa ta a sama, kada a danne ta."

Na jira ko akwai saura. Wani ya kira sunanta daga ciki, ta goge ido da bayan hannu, ta juya da gudu.

Na tura amalanke zuwa kejin hawa na takwas. Na sauke akwatunan da aka riga aka loda, na sake jera su, manya a ƙasa, masu laushi a tsakiya, yadda ba abin da zai motsa. Na ɗaga kwalin da hannu biyu, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na sa shi a sama, na ce wa mai injin ɗaga kaya ya tafi a hankali.