Ƙofar Gidan da Orval Bai Share Ba

Tun da mura mai zazzaɓi ta shigo garin a watan Janairu, ƙaramin asibitinmu ya daina barin masu tari su zauna a ciki. Kowa ya jira a motarsa, nas ta fito ta duba shi ta taga. Wanda abin ya yi wa tsanani a shigar da shi, sauran a sallame su gida.

Nas Darlene ce ke yin wannan zagayen tun safe, sanyi ya gama cinye mata yatsu. Da ta iso motar tsoho Orval Tveit da matarsa Ardis, ko murmushi ba ta da ƙarfin yi.

"Baba Orval, yaya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata. Akwai waɗanda suka fi ni."

Mazan garinmu haka suke. Ko ƙafa ce ta karye, da sauƙi za su ce. Darlene ta san da haka, amma gajiya kan sa mutum ya karɓi amsar da ta fi sauƙi. Ta zura masa tsinken auduga a hanci don gwaji, ta ce ya je gida ya sha ruwa da yawa, za a kira shi in sakamako ya fito. Har ta juya.

"Ke Darlene, dawo," in ji Ardis. "Kada ki biye wa tsohon nan. Daren jiya a zaune ya kwana, numfashi na yi masa gardama."

"Ardis, kin cika ƙari. Kujerar ce ta yi mini daɗi."

"Daɗi! To gaya mata wa ya share mana dusar ƙanƙarar da ta rufe ƙofar gida yau."

Orval ya kau da kai.

"Ba wanda ya share," Ardis ta ce. "Ya ɗauki shebur, ya tsaya, ya ajiye."

Darlene ta tsaya cak. Duk garin an san Orval da shebur ɗinsa. In dusar ƙanƙara ta zubo, kafin kowa ya tashi ya share ƙofarsa da ta maƙwabta. Ranar da aka binne ɗan'uwansa ma sai da ya share.

Ta dawo ta maƙala masa 'yar na'urar auna numfashi a yatsa. Ta duba, ta sake dubawa.

"Fito, Baba. Ciki za mu."

"Ga mutane a gabana, ya za a yi in tsallake layi?"

"Yau dai za ka tsallake. In an yi ƙararka, a kawo mini."

Ciwon ya riga ya sauka masa a huhu, likita ya ba shi gado. Da yamma Ardis ta koma gida ita kaɗai, ta tarar maƙwabci ya share ƙofar, ko da yake a karkace. Ta daɗe zaune a mota kafin ta iya fitowa. Ta yanke shawarar ba za ta gaya wa Orval a karkace aka share ba.