Birki Ashirin da Uku

Ƙas! Biron Auta ya sake yin ƙara daga kujerar baya, karo na tara ke nan tun fitowarsu daga makarantar koyon tuƙi. Malam Tsantseni bai waiwaya ba. Ya gyara zama a kujerar mai koyarwa, ya ce wa ɗalibarsa ta sa sigina. Ɗalibar, wata nas mai jiki da fara'a wadda ta faɗi jarrabawar lasisi sau biyu ba ta ko rame ba, ta kunna abin goge gilashi.

Duk wannan wulaƙanci Manaja ne ya jawo shi. Ya je wata bita ta kwana uku, ya dawo da jaka mai tambari da sabon addini wai shi duba aikin juna. Kowace Alhamis malami zai zauna a bayan motar ɗan'uwansa ya cika fom: abin da ya burge shi, da abin da ke son gyara. Mazan makarantar huɗu suka gano bakin zaren tun makon farko. Ka rubuta mini “aiki ya yi kyau”, in rubuta maka “babu kamarsa”, a tashi lafiya. Dogo, ɗaya daga cikinsu, har minshari yake yi a bayan motar Malam, ya farka ya sa hannu. Sai ga Auta, mace ɗaya tilo a cikin malaman, ta ɗauki abin da gaske kamar za a tambaye ta a kabari.

Malam kuwa ba lokacin wasa ba ne gare shi. Shekararsa sha tara a motar nan, ko kwarzanen farce babu a jikinta, kuma yana gaya wa kowa haka ko ba a tambaye shi ba. Amma cikin ɗalibansa goma na bana, takwas sun faɗi. Manaja ya riga ya sanar da shi, cikin murmushin nan da ya koyo a bita, cewa idan nas ta sake faɗuwa ranar Litinin zai karɓi makulli ya mayar da shi aji, ya riƙa nuna alamomin hanya da sanda. Malam ya gwammace a kai shi asibiti. Shi ya sa makon jiya, da ya zauna a bayan motar Auta, ya ja mata kunne tun da wuri: a gurbin gyara ya rubuta cewa tana tauna cingam a gaban ɗalibai, ya ja layi biyu a ƙasa.

Da suka dawo filin makaranta, nas ta fita amsa waya. Auta ta miƙo fom ta tsakanin kujeru. A gurbin yabo ta rubuta cewa Malam yana da haƙuri, kuma motarsa tana ƙamshi. A gurbin gyara lamba ce kawai.

“Ashirin da uku na mene ne?”

“Sau ashirin da uku ka taka birkin gefenka, Malam. Duk ka taka, sai na danna biro. Ita ko sau ɗaya ba ta taka nata ba. Kullum ƙafarka tana riga tata.”

Nan fa Malam ya hau. Ya tuna mata cewa yana tuƙi tun ba ta yi haƙori ba. Ya tambaye ta ko birkin gefen malami don ado aka sa shi. Ya ce ɗaliban yanzu ne ba su da kai, masu jarrabawa kuma mugaye ne, sannan yarinyar da ba ta iya rufe baki tana tauna ba ita ce za ta koya masa aiki? Auta ta bari ya sauke duka, tana taunarta.

“Kai ka koya mini mota, Malam,” ta ce. “Ranar da na fara fita ni kaɗai, na hango motar shara a tsaye a gabana. Wallahi zama na yi ina jira motata ta tsaya, kamar yadda ta saba. Wannan tabon na haɓata, nata ne.”

A madubi ya dubi tabon. Shekara shida yana ganinsa, an ce masa a banɗaki ta zame. Kunya ta kama shi.

Nas ta dawo ta shiga. Malam ya nuna mata shuɗiyar gangar da ke ƙarshen fili, ya ce ta je ta tsaya a gabanta. Sai ya sunkuya ya cire takalmin dama, ya naɗe ƙafar ya zauna a kanta, don ya san halin ƙafar tasa. Mota ta tashi a hankali. Nas tana ba su labarin wani likita mai rowar gaisuwa, ganga tana ƙara girma. Ƙafar Malam ta fara motsi a ƙarƙashinsa, ya danne ta da hannu biyu, gumi yana bin ƙeyarsa. Ya rufe ido.

Garam!

“Malam, motar nan ta lalace,” in ji nas, ido waje. “Yau ba ta tsaya ba.”

“Ba ta taɓa tsayawa ba, Anti. Ni ne. Koma baya, ki sake. Na tsakiyar nan ake takawa.”

Karo na biyu ta taka shi tun ganga tana nesa, har goshin Auta ya gaisa da kujera. Na uku mota ta mutu. A na biyar ta tsaya saura taƙi ɗaya, ta saki sitiyari tana tafa wa kanta. Ko hakan zai ishe ta ranar Litinin, Malam bai sani ba.

Ya fito da takalmi ɗaya ya zagaya gaba. Ga shi nan a bamba, shuɗin kwarzane tsawon ɗan yatsa. Ya shafa shi, ya tofa yawu ya goga da gefen riga, bai fita ba. Dogo ya taso daga inuwa ya cire hula, ya yi masa ta'aziyya, ya tambayi yaushe za a yi zaman makoki. Malam bai kula shi ba, don da gaske kuka yake ji.

Ya ɗingisa zuwa ofis, ya zaro fom ɗin Auta na makon jiya daga fayil ɗin Manaja. Ya soke maganar cingam, ya yi rubutu a ƙasa, ya kawo mata.

“A kowace kwana hannunki yana kan sitiyarin ɗalibi. Sau sha ɗaya na gani ranar, na yi shiru. A wurina kika ɗauko.”

Auta ta karanta sau biyu. Ta buɗe baki za ta ce ai sitiyari daban, birki daban, sai idonta ya sauka a kan ƙafarsa marar takalmi. Ta cire cingam ɗin ta naɗe a takarda, ta miƙa masa bironta.

“Riƙe, Malam. Ranar Alhamis ka zo da shi, ya fi naka ƙara.”