Layin da ke Saman Ɗa

A ofishin su Dogo, fika ake ce wa abin: ɗan faifan nan da ke fitowa a fuskar waya idan manhaja tana so ka zaɓi abu ɗaya cikin da yawa, ka murza shi da yatsa sama ko ƙasa har ya tsaya inda kake so. Aiki ne da sauran ma'aikata suka raina, shi ya sa ya faɗo kan Dogo. Kamfanin na ƙanensa ne, Auta, kuma manhajar da suke ginawa ta zumunci ce. Mai gida zai shigar da mutanen gidansa, kowa da hotonsa, a ƙarƙashin hoton kuma fika ta tambaye shi: mene ne wannan a wurinka?

Uwarsu ɗaya da Auta, uba kowa da nasa. A goye Dogo ya shigo gidan Baba, bai kuma taɓa sanin wani uba ba sai shi. Baba ne ya kai shi makaranta, shi ya zane shi ranar da ya fasa gilashin motar maƙwabci, shi ya tsaya masa da zai yi aure. Amma ko da wasa Baba bai taɓa cewa "ɗana" ba, bai kuma taɓa cewa akasin haka ba. Dogo kawai yake kiransa. Tun da Umma ta rasu, wannan shirun ya dami Dogo fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa, har matarsa.

Da ya zauna gyaran fika, idon Baba ya sa a gaba. Ya ƙara girman baƙaƙen, domin tsohon ba ya ganin ƙananan rubutu. Ya rage gudun faifan, domin hannun Baba na rawa, kada ya taɓa kaɗan abin ya zarce. Layin da ke tsakiya ya yi masa baƙi ƙirin, na sama da na ƙasa ya dusashe su. Sannan ya sa wani ɗan sauti, ƙas, duk lokacin da layi ya zauna daram. A kan wannan ƙas ɗin kaɗai ya ɓata kwanaki, abokan aiki suna yi masa tsiya wai zai auri fika.

Wata rana da hantsi Auta ya zo ya ɗora mazaunansa a kan teburin Dogo, kamar babu kujera a ofishin, ya ɗauki wayar gwaji yana murzawa. Ɗa, Ɗiya, Jika, Ƙane, Mata, Suruki, Wa, Wani. Ya ce abu ya yi kyau, sai dai an manta da kalma ɗaya. Bai rage murya ba, shi da ma ba ya cin mutunci a ɓoye.

"Ina agola?"

Dogo ya ce akwai "Wani" a ƙarshe, ya isa, kalmar nan tana da kaifi.

"Haba Yaya, mutane gaskiya suke so su rubuta. Kai da ka fi kowa sanin ana samunsu a gidaje."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi dariyar da ake yi don mai kamfani ya yi magana. Auta ya ƙara da cewa a jera kalmomin bi da bi daga harafin farko, haka ƙa'ida take. Ya san abin da yake yi sarai: Agola zai hau can sama, Ɗa na bi masa, ita kuwa fika in ba a hana ta ba a kan layin farko take buɗewa. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Dogo ya ce yanzu fikarsa ta yi fiƙa. Kuma gidansu za a fara shigarwa, Baba da hannunsa, a ɗauki bidiyo don talla.

Dogo ya koma kan aikinsa. Ya sa kalmar, ya jera yadda aka ce. Abu ɗaya ya canza: ya umarci fika ta riƙa buɗewa a kan Ɗa. Hujjarsa ma mai kyau ce in an tambaye shi, ai 'ya'ya sun fi yawa a kowane gida. Amma shi ya san roƙo yake yi ta bayan gida. Baba ba sai ya murza komai ba, ba sai ya buɗe baki ba. Ya danna "Ajiye" kawai, shi ke nan, Dogo zai karɓa ya riƙe har ƙarshen ransa.

Ran Asabar da rana suka je. Baba na kan kujerarsa ta falo, wadda hannunta ya goge, ya sa tabarau. Auta ya tsaya da tasa wayar yana ɗauka, Dogo ya durƙusa a gefe yana nuna wa tsohon inda zai taɓa. Hoton Auta ya fara fitowa, fika na kan Ɗa, Baba ya danna. Aka zo kan 'yan matan gidan, ya murza zuwa Ɗiya, ƙas, har ya yi murmushi don sautin ya burge shi.

Sai hoton Dogo. Fika ta buɗe a kan Ɗa, baƙi ƙirin. Babban yatsan Baba ya sauka wajen "Ajiye". Sai tsohon ya dakata, ya matso da wayar kusa da hancinsa. Layin sama a dusashe yake, amma Dogo ya yi baƙaƙen manya, yadda ko mai raunin ido zai karanta. Baba ya karanta, leɓensa na motsi. Ya ɗora yatsa a hankali ya ja faifan ƙasa, faifan kuwa bai zarce ba, don an hana shi zarcewa.

Ƙas.

Ya danna "Ajiye". Babu fushi a fuskarsa, babu ƙeta, irin fuskar mutumin da aka yi wa tambaya ya ba da amsa daidai. Wannan ne ya fi yi wa Dogo ciwo, domin da gaba ce da ya san yadda zai ɗauke ta. Baba ya tambayi wanda ya yi wannan faifan, Auta ya nuna Dogo da haɓa.

"Allah ya yi maka albarka, Dogo," in ji Baba. "Ni da idona ya tafi na ga komai sarai, kuma bai zame mini ba. Abin da nake nufi shi na zaɓa."

Dogo ya ce amin. Muryarsa ta fita, shi kansa ya yi mamaki.

Auta ya duba bidiyon, kafaɗunsa na rawa don dariya, ya ce kash, sautin bai fito ba, kuma sautin nan ne zai sayar da manhajar. Ya roƙi Baba a sake na Yaya sau ɗaya kawai. Baba ya gyara tabarau ya ce ba komai.

Dogo ya karɓi wayar, ya ƙara sauti, ya mayar da fika kan Ɗa, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.