Muzuru Bai San Galura Ba

Sanyin Jos ba ya wasa da ɗan tsako, shi ya sa Hasiya ta raini nata a ƙuryar ɗaki, cikin kwalin taliya, da fitilar ƙwai a gefe. Sai da gashin fiffike ya fito musu, wari kuma ya fara hana mijinta Bala cin tuwo, sannan ta yarda su fita tsakar gida.

Bala dillalin kabeji ne a Farin Gada, mutum mai sauƙin kai. Amma bara ya ga yadda shirwa ta yi ta kwasar 'yan tsakin matarsa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana kuka har da majina.

"Hasiya," ya ce, "in aka sake ɗauke miki ko ɗaya, kiwon kaji ya ƙare a gidan nan. Ni ba zan ƙara zaman makokin kaza ba."

Maganar ta tsaya mata a rai, don duk gidan kajin nan ne kaɗai abin da take cewa nata. Ta zage ta haɗa akurki da guntayen katako da ragar waya, ta ɗora shi kan duwatsu, ta danne kwanon rufin da bulo. To, amma ɗan tsako ai sai ya fito ya yi tono, shirwa kuwa a Dutse Uku kamar ita ke da unguwar.

Maƙwabciyarta Nkoli ce ta kawo dabara. Katanga ɗaya ta raba su, kuma tun da kasuwar Taminus ta ƙone da shagonta a ciki ta koma kiwon kaji.

"Maman Ummi, a rina su da jar galura," in ji ta. "Shirwa in ya ga ja, ba ya sauka. Haka muke yi a garinmu."

Roba ɗaya suka dama, suka tsoma na Hasiya, suka tsoma na Nkoli. 'Yan tsaki suka fito jajir kamar an tsamo su daga miyar manja, suka bushe a rana suna ta tsuwa. Abin da matan suka manta shi ne rariyar da ke gindin katanga. Kafin la'asar na can sun shigo nan, na nan sun leƙa can, duk launi ɗaya, babu mai iya cewa ga nata.

Ana cikin dariyar wannan sai ga shirwa a sama. Ta yi shawagi, ta sake zagayowa, ta ga abin da ba ta gane ba, ta kama gabanta. Hasiya ta rangaɗa guɗa, Nkoli ta cashe da rawa, dukansu sun ɗaga kai sama. Shi kuwa muzurun da ke zaune cikin duwatsun bayan gida ina ruwansa da launi? Ya diro ta kan katanga, ya cafke ɗaya, ya haye abinsa.

Daidai lokacin Bala ya yi sallama, rungume da kabeji, ya ga wutsiyar muzuru da jan abu a baki. Hasiya ta tuna da gargaɗinsa. A tsakar gidanta aka yi, me za ta ce?

"Wayyo, nawa ne!" Nkoli ta ɗora hannu a ka. "Baban Ummi, nawa ne ya ɗauka!"

Bala ya dubi jajayen 'yan tsakin da ke ta watsewa. "Maman Ogechi, duk fa iri ɗaya ne. Yaya aka yi kika gane?"

"Haba oga! Kai ba ka gane kabejinka a cikin lodi?"

Bala ya yi mata jaje, ya shige ɗaki yana ƙunshe dariya.

Hasiya ta matso, idonta ya kawo ruwa don daɗi, ta rage murya. "Tsakaninki da Allah, naki ne?"

"Ina na sani?" Nkoli ta ce. "Ɗauko sauran wayar mu yi musu rumfa, kafin ya dawo ya ɗauki naki."