Takardar Malam A-Sake

Mu muka raɗa wa malaminmu na Larabci suna Malam A-Sake, don daga shigarsa aji har fitarsa abin da yake faɗi ke nan. Ya karanto jimla da ka, mu arba'in da biyu mu amsa, ya ce, "A sake." Alli bai taɓa ɓata masa hannu ba. Littattafanmu kuwa in ya karɓa, ni monita yake miƙa wa in duba. Malamar Turanci ita da 'yar rediyonta take zuwa, ta raba mu rukuni-rukuni, a yi hira, a yi dariya, ta cika allo da rubutu. Kowa ya san inda zuciyarmu ta karkata.

Ranar da abin ya faru, da safe ya tsayar da ni a gaban aji, na maimaita layi ɗaya sau goma sha ɗaya. Ni da nake zuwa ta ɗaya! Na koma kujera ina huci kamar kububuwa.

Kafin in huce shugaban makaranta ya shigo da takardu. Ya ce kowa ya rubuta ra'ayinsa kan yadda ake koya mana harsunan nan biyu, ba sai an sa suna ba. Ya kuma faɗa ƙarara cewa masu makarantar za su sallami duk malamin da ɗalibai ba su gamsu da shi ba. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

To, mu ba a taɓa tambayarmu ra'ayi ba. Shekara uku abin da na gaba ya faɗa muke amsawa. Shugaba na fita, aji ya juyo gare ni.

"Monita, me ake rubutawa?" in ji ta bayana.

Na yabi Malamar Turanci da layi biyu. A gurbin Larabci na danna biro na rubuta: "Ba ya rubutu a allo, ba ya duba aikinmu. Ihu kawai muke yi kamar kwaɗi." Takardata ta zaga benci-benci, kowa ya kwafe, har waɗanda suke son mutumin. Da ta dawo hannuna ta yi laushi saboda yawan hannaye, na ji daɗi har raina.

Bayan mako biyu Malam ya shigo da ambulan. Ya ja kujera ya zauna, abin da ba mu taɓa gani ba.

"Monita, zo ki karanta min wannan. Daga ofis aka ba ni."

Na je. A juye yake riƙe da takardar, ya kai ta har kusa da hancinsa. Ban taɓa tsayawa dab da shi haka ba. Na dubi idanunsa, wata yana fara fat ta lulluɓe su. Ashe abin da ya raba shi da allo ke nan, ya ɓoye wa kowa don kada a raba shi da abincinsa. Duk littafin da yake koya mana yana kansa, shafi-shafi, mu kuma muna yi masa dariya.

Na karanta. An gode masa, an ce ƙarshen wata zai ajiye aiki. A ƙasa an kawo abin da ɗalibai suka ce. Na tsaya.

"Ci gaba mana, 'yata."

Na karanta maganata da bakina, har kwaɗin.

"Mutum nawa suka rubuta haka?"

"Arba'in da biyu, Malam."

"Ku nawa ne?"

"Arba'in da biyu."

Ya jinjina kai. Bai tambayi wanda ya fara ba, ya san ajinsa, ya san wa ake bi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, da na sami sauƙi. Sai kawai ya gyara zama, ya karkato kunnensa wajena yadda yake yi kullum.

"Muryarki ta yi ƙasa, ban ji ƙarshen ba," ya ce. "A sake."