Akuyar Zuwa Sabuwa

Mero ta fito da kwanon dusa da hantsi, ta tarar da turke da igiya, babu akuya. Ba ta yi salati ba, ba ta leƙa bayan rumbu ba. An kwance igiyar ne a tsanake, an naɗe ta tsaf a kan turken, irin naɗin da Yahuza mijinta yake yi.

Kowa a gidan nan na Mabai ya san aikin akuyar nan. Da ribar ƙuli-ƙuli Mero ta saye ta tana ƙarama, ta yi ta ɗura mata dusa da harawa, duk don abu guda: ta je Sabuwa ta ga Yaya Adama. Adama ce ta goya ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta aurar da ita, sunanta kuma aka sa wa 'yar Mero, wadda ake kira Nana don kara. Har yau Adama ba ta taɓa ɗora ido a kan takwararta ba, ga shi idon Adamar yana tafiya. Likita ya gaya mata irin ciwon nan ne da ba ya mayar da abin da ya ci. An taɓa nuna mata hoton yarinyar a wayar maƙwabta, ta ce ita haske kawai take gani a gilashin, a kawo mata mutum.

Abin haushi da Yahuza shi ne bai taɓa cewa ba za ta je ba. Kullum za ta je. Sai dai ba a shiga gidan surukai hannu rabbana. Sai an sami turmin atamfa na Yaya, da shadda ta mijinta, da sabulun matan gida, da goron dattawa, da alewar yara, a kuma rage abin da za a sayo wa mutanen Mabai in an dawo, kada a ce matar Yahuza ta je ta dawo kamar wadda aka kora. In tsaraba ta kusa cika, sai hanya ta ɓaci, a ji an tare mota. In hanya ta lafa, sai a tarar an kai atamfar gudummawar biki. A haka aka yaye Nana, ta yi ƙafa, ta yi baki. Kuma a faɗi gaskiya, ita ma Mero ba ta tsira ba, don duk sanda ya jero kayan nan sai ta gyaɗa kai. Ita ma tana jin kunyar a ce ƙanwar Adama ta zo da hannu biyu.

Yahuza ya shigo yana gyara hula, ya ci kwalliyar fita, yana kallon ko'ina ban da turken.

"Malam, ina akuyata?"

"Ke dai shirya, mota na ƙohwar gida. Kawun matar Yaya Alhaji ya rasu a Faskari. An ɗauki shatar mota, kowane gida ya kawo nashi kuɗin."

"Na ce ina akuyata?"

"Na kai ma mahauci da sassahe. Yo mi kike so in yi? In ce ma Alhaji ba ni da shi? Bayan kaka in sai maki wadda ta hi ta."

"Ka san shi, mamacin?"

"Sani kuma? Sai ka san mutum kake mashi gaisuwa?"

Bai san shi ba. Ko a kasuwa suka haɗu ba zai gane shi ba. Amma kafin shayi ya huce an sami mota, an sami mai, hanyar da ta yi shekaru tana da haɗari ta gyaru nan take. Mero ta ajiye kwanon dusar a gaban turken, ta shiga ɗaki ta yafa mayafi, ta saɓa Nana, ta zura kayan yarinyar a leda. Yahuza ya ga ledar, ya ɗauka na canji ne.

A Faskari ta zauna cikin mata a kan tabarma, ta yi gaisuwa yadda ake yi, ta yi wa mamaci addu'a da zuciya ɗaya, don shi bai yi mata laifin komai ba. Amma idonta yana kan hannuwan mutane. Mota guda cike da mutanen Mabai, babu mai atamfa, babu mai sabulu, sai ɗan geron sadaka a ƙullin ɗankwali. Ba wanda ya dube su a wulaƙance. Sai ma godiya ake ta yi musu: kun sha hanya, Allah ya ba da lada, Allah ya bar zumunci. Duk godiyar da aka yi sai ta ji kamar an ƙara mata itace a wuta.

Ta ji mata suna cewa Gide, direban da ya kawo su, zai leƙa Funtua ya yi lodi kafin masu gaisuwa su gama. Ta miƙe, ta ja hannun Nana, ta fita. Maza suna ƙarƙashin rumfa, Yahuza yana gefen wansa Alhaji Almu, wanda shi ne babba a gidansu. Ta durƙusa daga nesa kaɗan ta gaida Alhaji.

"Alhaji, izini nike nema wajen Malam, gabanka. Ni Sabuwa za ni."

Yahuza ya zaro ido. "Ke Mero, nan wurin? Da wace tsarabar?"

"Da irin wadda munka kawo nan."

Alhaji Almu ya ɗaga hannu. "Haba ɗiyata, a bi a sannu. Ai Adama tamu ce. A bari a shirya, a tahi cikin mutunci."

"Alhaji, in tambaye ka, ka yi mani haƙuri. In yau aka bugo waya aka ce Yaya ta rasu, za ku ɗauki shata?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan? Dole mu tahi mana, ko da bashi."

"To ku ba ni kujerata yau, tana da rai."

Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Alhaji Almu ya juya ya dubi ƙanensa irin kallon da ba ya bukatar fassara. Yahuza ya sa hannu a aljihu, ya zaro ragowar kuɗin akuya ya miƙa mata, fuskarsa kamar an shafa mata barkono.

"Ki tahi. Ki gaishe ta. Amma ki sani kin ba ni kunya."

"Allah shi huci zuciyarka," in ji ta. Ba ta ce ya yafe mata ba.

Gide bai karɓi ko sisi ba zuwa Funtua, ai da kuɗin akuyarta aka sha man. Daga can ta hau ta Dandume, daga Dandume ta hau ta Sabuwa, don gajeriyar hanyar daji ba mai binta yanzu. Nana ta manne da taga tana nuna duk abin da ya gifta, tirela, gonar rake, raƙumi da kaya, tana ihu kamar ita aka yi wa su. Mero kuwa duk inda ta biya kuɗin mota sai ranta ya ƙara ɓaci, don abin bai taka kara ya karya ba. Kaji biyu sun isa su kawo ta su mayar. Kajin nan kuwa tana da su tun Nana tana ciki, suna yawo a tsakar gida suna yi mata ɓarnar tsaki. Ta rantse a ranta daga yau duk kaka za ta ware kajin mota, ta ga wanda zai ce a jira atamfa. A tashar Sabuwa ta sayi rake sanda guda, shi ma don yarinya ta yi kuka ne.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta yi sallama. Adama tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, fuskarta ta kalli katanga, hannuwa suna aikinsu su kaɗai. Ta rame. Jin muryar sai ta saki kwaryar, gyaɗa ta watse.

"Mero? Wa ya mutu?"

Tambayar ta soki Mero fiye da duk abin da aka yi mata yau. Ta zube a gabanta.

"Ba kowa, Yaya. Zuwa na yi. Ki yi haƙuri, ban riƙo maki komi ba, hannu biyu na..."

"Rufa mani baki!" Adama ta daka mata tsawa kamar tana yarinya. "Komi? Atamhwa zan gani ko sabulu? Tashi ki shiga, ki jawo buhun da ke bayan gado."

Mero ta jawo shi tsakar gida ta kwance. Daddawa ce ta bushe ta zama dutse, da busasshiyar kuɓewa da ƙwari suka mayar gari. A ƙasa akwai ƙullin leda. Ta buɗe, ta ga 'yar rigar jarirai ruwan hoda da hularta, ko karin guga bai baje ba.

"Ta suna ce," in ji Adama. "Na ce ba ni zuwa ma takwarata da riga ɗaya kamar matsiyaciya, sai na haɗa da zannuwan goyo. Ina haɗi, ina haɗi, har ido ya hana ni shiga mota. Ni da ke duk sakarkaru ne. Ina take?"

Nana ta maƙale a bayan uwarta, bakinta duk ruwan rake. Mero ta tura ta gaba. Adama ta lalubo kafaɗunta, ta miƙe, ta ja ta zuwa inda sauran rana take faɗowa a gindin katanga. Ta juya fuskar yarinyar ga hasken, ta matso har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta murza ido da gefen zane ta sake gwadawa. Mero ta tsaya riƙe da 'yar rigar tana kallonsu.

"Ko da damina ina gane huska," in ji Adama, ba tare da ta juyo ba. "Daminar nan da ta wuce."

Ta zauna a ƙasa, ta ɗora yarinyar a cinya, ta sa tafin hannu a kan kumatunta.

"Mero, zo ki gaya mani. Wa ta ɗauko?"

"Ke, Yaya. Baƙa ce irinki, tana da wushirya, idonta..."

"A'a, kada ki yi mani sauri," in ji Adama. "Hwara daga goshi."